Lambar Sirrina Tana Hanyar Njamena

Zuwa ga:
Mai girma Shugaban Kwalejin Mangwaro Biyu,
New Bell, Duwala.

Daga:
Salmanu Ɗantani,
Ɗalibin ajin Première (na kusa da ƙarshe),
Layin Bayan Masallaci, Unguwar Hausawa.

Litinin, 18 ga Nuwamba, 2024

Game da: Hana ni shiga darasin Ingilishi na intanet, da sifirin da aka ba ni

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ne Salmanun da ka taɓa sa shi shara saboda kwaikwayon tafiyar mai gadi. Na san da ka ga sunana za ka fara murmushi. Don Allah a riƙe murmushin tukuna, yau da gaske nake. Ga ƙorafina:

1. A ranar 7 ga Oktoba aka mayar da darasin Ingilishi ɗakin kwamfuta, inda kowa zai sa abin kunne ya yi hira da na'ura. Wallahi na fi kowa murna, har wanka biyu na yi. Sai dai ofis ya yi wa kowa rajista da lambar wayar mahaifinsa, kuma kafin kwamfuta ta buɗe sai ta tura lambar sirri zuwa wayar. Iyayen sauran ɗalibai suna nan cikin gari, nan take suke turo wa malama. Nawa direban tirela ne, Duwala zuwa Njamena. Lambar ba ta jira, nan da nan take mutuwa, ga rezo, wato sabis ɗin waya, a hanyar nan sai an hau tudu an roƙi Allah.

2. Ko da rezo ya samu, akwai abin da kwamfutar ba ta sani ba. Ni ɗan fari ne. Tun da aka haife ni Baba bai taɓa kama sunana ba, balle ya yi hira da ni a waya. Ba ƙi ba ne, kunya ce, haka ya taso ya gani. In lambar ta iso gare shi, ba ya tura ta makaranta, don sai ya faɗi ko ta wane ne. Ƙanwarsa yake kira, Gwaggo Hadija, wadda ke riƙe da ni tun rasuwar mahaifiyata, ya ce a faɗa wa yaron nan. Ita kuwa tana kasuwar Nkololoun tana sayar da atamfa. Sai na dawo gida da yamma take miƙo min lambar tare da tuwo, ita da tuwon duk sun huce.

3. A ranar 6 ga Nuwamba na yi wa malamarmu wannan bayani. Ta ba ni wayarta ta ce in kira shi a gabanta. Na kira. Da Baba ya ji muryata sai ya amsa sallama, ya miƙa wa yaron motarsa wayar. Kafin wannan ya gama tambayar lafiyar Gwaggo da ta maƙwabta, lamba ta mutu. Aji ya fashe da dariya, malama ta ce na shirya wasan nan da kyau. Karo na farko ke nan da aka yi dariya a kaina ban so ba.

4. Tun daga ranar, wurina shi ne kujerar bayan ƙofa. A da, a darasin nan nake sarki: in ana wasan kwaikwayo ni ne mai shago, ni ne ɗan sanda, in kwaɓa Ingilishi da Pidgin kowa ya riƙe ciki, a haka muke koyo. Yanzu kowa kunnensa a toshe yake, yana gaya wa allo sunansa da abin da ya ci da safe. Na gwada barkwanci sau ɗaya, fanka ce kaɗai ta juyo.

5. A ranar 14 ga Nuwamba aka rubuta min sifiri a jarrabawar baki, wai ban halarta ba, alhali ina zaune a ɗakin. Baba ya riga ya aiko ta bakin Gwaggo cewa in sakamakon zangon nan ya lalace, in haɗa kayana in bi mota.

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi, a mayar da rajistata kan wayar Gwaggo, ta yarda ta riƙa turo lambar. A soke sifirin, a yi min jarrabawar baki da baki, ko a gabanka ne. Kuma a yi hakan kafin a fitar da sakamako.

Ranka ya daɗe, da kai ne ya za ka yi? Ba tuƙi nake tsoro ba. Ina tunanin kwana da kwanaki ne a gaban mota, ni da mutumin da nake so fiye da kowa, ba mai ce wa wani uffan. Shirun kujerar bayan ƙofa ma ya ishe ni.

Ka huta lafiya. Allah ya ƙara girma.

Ɗalibinka mai biyayya, yawancin lokuta,
Salmanu Ɗantani