Takardun da Rakiya Ta Hana Ni Warewa

Sokode, daren Laraba, Maris 1993

Yau ɗalibata Rakiya ta iso daga garinsu, Dapawong. Tunda yajin aiki ya rufe jami'a, a zaurena nake koya wa ɗalibaina huɗu na ilimin zamantakewa yadda ake ƙididdige amsoshin jama'a. Ita na tura kasuwar garinsu da takardun tambayoyi. A cikin buhun gero ta ɓoyo su, ta ratsa shingen sojoji har uku. Da an gani, Allah kaɗai ya san inda za ta kwana.

Da muka baje su a tabarma, na tarar akwai da yawa da ba a amsa tambayar ko mutum ya yarda da maƙwabcinsa ba. Na ce a ware su, za su ɓata mana lissafi.

Ta ce, "Malam, a yi haƙuri, kada a ware."

Sai ta jera su bisa ranar da aka cike kowace. Na makon farko duk an amsa. Daga ranar da aka kama wani mahauci a kasuwar, gurbin ya koma fari fat, takarda bayan takarda.

Ta ce, "Ba mantawa suka yi ba, Malam. Ina tambaya suna waige-waige."

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da cewa gurbin da ba a cike ba asara ce. Ga yarinyar nan ta shimfiɗa min tsoron gari guda a kan tabarmata, har da ranar da ya soma.

Gobe ita za ta riƙe alli. Ni zan zauna cikin ɗalibai.