Masu Cin Bado na Oregon

Zuwa ga Innata, da gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fata makwancinki ya yi sanyi.

Inna, na samo miki dangi a Amurka, ke da ko Kano sai kin yi amai a mota.

A sito ɗin da nake aiki a garin Wendover akwai wata mata 'yar ƙabilar Klamath, mutanen bakin tafkunan jihar Oregon. Ran nan ta buɗe kwalba ta miƙo min abincin kakanninta, wai wokas. Ina taunawa na ji bakin tafkinmu. 'Ya'yan bado ne, Inna! Badon da kike shiga ruwa har ƙirji ki tsinko, wanda nake ɓoyewa a makaranta don kada a ce mini 'yar masu yunwa. Ita kuwa ta riƙe kwalbar kamar kayan lefe.

'Yan ƙabilar tasu dubbai kaɗan ne. Gwamnati ta taɓa share sunansu daga jerin ƙabilu, suka shekara talatin da biyu suna fafutuka har aka maido. Tsofaffin da suka tashi da yaren a baki sun ƙare, yanzu daga muryoyin da aka naɗa matar take koyo, kalma ɗaya-ɗaya. Kin sha cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Waɗannan ba su bari ba, kuma na jinjina musu.

Sai tsoro ya kama ni, domin 'yata Ummi, takwararki, ta kai shekara sha shida, in na yi mata Hausa, da Turanci take amsawa. Na zaunar da ita na ba ta labarin matar nan, da naki, har da badon. Tun daga nan duk Asabar take kiran ƙanwarki Iya Ladi a waya, tana tambaya tana rubutawa.

Jiya bayan sallar La'asar ta ɗaga hannu da kanta ta ce Allah ya jiƙan Inna, ya sa ya huta. Ta mai da ke namiji, ban kuma gyara mata ba. Dariya nake, hawaye na zuba, wallahi ban taɓa alfahari da ita haka ba.

Allah ya karɓa yadda ta faɗa, ya haskaka kabarinki, ya sada mu a Aljanna.

'Yarki,
Binta