Zan Sha Ruwan Rijiyar Baba

Zubaida, sanyin idona, ruwan farko bisa yashin Arewa, inuwar gawona a tsakiyar rani,

Gaisuwa mai tarin yawa daga Dogon Dutsi zuwa gare ki a Gesheme, da fatan kina lafiya, ke da Inna da Baba da duk mutanen gida. Saƙonki ya same ni jiya bayan la'asar, ina cikin wanke kwalabe a labo, ɗakin gwaje-gwajen da nake sitaj na koyon aiki. Kin ce Baba ya yarda in zo gaisuwa ranar Juma'a. Alhamdu lillahi! Amma kin ce kuma Gwaggo Hamsatu ta kai masa labari wai yaron Dutsin nan ya kira rijiyarsa ƙazama. Shi kuwa ya rantse da hannunsa zai miƙo mini ƙoƙon ruwan maraba, in na kau da kai daga ruwansa, to in kau da kai daga ɗiyarsa.

Ya ke farin wata bisa duwatsun garinmu, kin tuna mafarin wannan magana? Shekararmu ta biyu a jami'a, a Yamai, malamin ilimin ƙwayoyin cuta ya raba mu bibbiyu, Allah ya ajiye ni benci ɗaya da ke. Ranar farko, don tsabar taka-tsantsan, na yi ta murɗa mikroskop har na fasa gilashin da ke ƙarƙashinsa. Kika yi dariya har kika dafe ciki, kika ce mai tsoron ɓarna ya riga kowa ɓarna. Sannan kika shafa ɗigon ruwa bisa wani gilashin, kika zuba masa shuɗin rini, da aidin, da alkol na wankewa, da jan rini, kika daidaita, kika ce in leƙa. Wayyo ni! Ƴan sanduna mitsi-mitsi, masu launin hoda, birjik kamar taurari daren da babu wata. Ashe akwai wata duniya a cikin ɗigon ruwa? Na ɗago kai in gaya miki, sai idona ya faɗa kan yatsunki, inda shuɗin ya hau kan lallenki. Nan take na manta abin da zan ce, kuma har yau ban tuna ba.

Da aka ce kowa ya zo da ruwan garinsu bayan hutu, kika zo da naki kina taƙama. Rijiyar da kakanki ya gina, wadda Baba ke cewa duk faɗin kwarin dallol babu mai zaƙinta, wadda ba a barin baƙo ya zauna sai ya sha daga cikinta. Muka tace ruwan, muka ɗora matacin bisa farantin abincin ƙwayoyi, muka sa shi a akwatin ɗumi mai digiri arba'in da huɗu, zafin da ƙwayoyin hanji ke jurewa. Kashegari farantin ya cika da ɗigo-ɗigo rawaya kamar an watsa gero. Kika ce ni ne na yi numfashi a kai, ko ban ƙona ƙarfen ɗaukar matacin da kyau ba. Na so ƙwarai in ce haka ne, in ɗauki laifin don kada in ga hawayenki. Amma na sake aikin, na ajiye farantin dafaffen ruwa a gefensa don shaida. Na dafaffen ruwa ya kwana fes, naku ya sake cika. Kika daina yi mini magana, har na fara ramewa. Ranar da kika dawo benci, ba ki dube ni ba, kika ce dai mutumin da ya ƙi yi miki ƙarya don ya faranta miki, ba abin yarwa ba ne. Zubaida, gonar da ta sha fari ta taɓa jin daɗin ruwa kamar yadda na ji daɗin wannan magana?

To ga amsata, ya ke zumar da babu ɗaci a bayanta. Zan sha. Zan durƙusa, in karɓa da hannu biyu, in yi bismilla, in shanye. Kin san ni, ni da nake wanke lemo da sabulu har abokaina na yi mini ba'a. Ba zan ɓoye miki ba, ina jin tsoro, kuma na san sunayen abin da nake tsoro ɗaya bayan ɗaya. Amma ciwon ciki yana da magani, na san inda ake samunsa. Rashinki fa, wane likita ke da maganinsa?

Abu biyu nake roƙo. Kada ki musanya ruwan da dafaffe a ɓoye. Baba ya san ɗanɗanon rijiyarsa, kuma ba na son in shiga gidanku ta hanyar yaudara. Na biyu, in ya tambaye ni ko ruwansa mai tsabta ne, kada ki sa ran zan ce masa i. Zan ce abin da muka gani a faranti, cikin ladabi, idona a ƙasa. Zan ce zatona, ba tabbas ba, ɓarnar daga bakin rijiya take shiga, daga igiyar guga da ke jan ƙasa a inda bisashe ke shan ruwa. In ya yarda, ni da kaina zan kwaɓa siminti in ɗaga bakinta, mu yi mata murfi da maratayar guga, mu sake gwadawa. Ina kyautata zato, domin dattijon da ya kiyaye rijiyar ubansa haka ba zai ƙi abin da zai ƙara mata daraja ba.

Ki tsaya bayan zana ranar Juma'a, ki saurara. Za ki ji an ajiye ƙoƙo babu komi a ciki. In Baba ya karɓe ni, madalla. In ya ce in tafi, zan koma in sake dawowa, damina da rani, har sai ya gaji da ganin fuskata.

Naki, yau da gobe da ranar da furfura za ta rufe mu,
Bilyaminu