Ramar Hamna

Majidaɗi, Jalingo
6 ga Mayu, 1996

Adda Kadijatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da damina, a gaishe mini da Inna da yara. Bayan haka, amana zan ba ki.

Wata biyu ke nan ina shan ƙwayar rage ƙiba. Likita ne ya rubuta mini, ya ce nauyin jikina yana cikin abin da ya hana ni samun ciki shekara huɗu. Daga ni sai maigidana Malam Nasiru muka sani, shi ma na sa shi ya rantse ba zai faɗa ba. Da wane ido zan dubi Inna in ce haihuwa nake nema a asibiti?

Amma Adda, ina shan wuya. Bakina kullum a bushe, ga ɗaci. In na miƙe da sauri sai ɗaki ya juya. Sista Rose, nas ɗin da ke duba ni, ta ce in riƙa shan ƙwayar da sassafe, in riƙa kurɓar ruwa, in ci abinci kaɗan-kaɗan sau biyar. Ina yi. Abin da ya fi damuna, karatu ya gagare ni, layuka rawa suke yi a idona. Littafin da na aro, kwana tara ke nan na bar yarinyar da ke cikin labarin a tasha tana jiran mota.

In na rufe ido dai ina ganin 'yar da zan haifa, har kitson da zan yi mata.

Ƙanwarki,
Hamna


Lau
20 ga Mayu

Hamna,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ke dai da mafarki!

Inna ta gan ki a bikin Bara'atu a Iware. Ta ga zane ya yi miki yawa, ta ga kin ture kwano, ta ga kin dafa bango. Tun daga can har gida kuka take yi a mota. Matan biki sun gama yanke hukunci, wai mijinki ba ya ciyar da ke. Yau ta ba Hayatu direba buhun shinkafa da bandar kifi da man shanu ya kawo miki. Kin san abin da ake nufi in an aika wa matar aure abinci, ba salla ba suna.

Ki bar ni in faɗa mata. Ki huta lafiya.

Addarki,
Kadijatu


Majidaɗi
27 ga Mayu

Adda,

Gaisuwa mai yawa. Kaya sun iso bayan la'asar, Malam yana zaune a ƙofar gida da abokansa. A gabansu Hayatu ya sauke, ya ce Inna ta ce a ba Hamna ta ci. Malam ya tashi ya yi godiya, ya ɗauki buhun da kansa ya shigo da shi. Tun ranar bai sake zama a ƙofar gida ba. Na tambaye shi me ya hana shi kare kansa, sai ya ce, "Rantsuwa kika sa ni."

Yanzu kuma ƙirjina bugawa yake yi ko ina zaune. Duk da haka ki ba ni wata ɗaya. In ciki ya samu, shi zai yi bayani a madadina, Inna ta yi dariya, a manta.

Taki,
Hamna


Lau
3 ga Yuni

Hamna,

Bayan gaisuwa, babu wata ɗaya. Inna ta kai magana gaban Baffa Hammanjoda. Ranar Juma'a ta sama zai zo ya ɗauko ki, ya ce ba zai zauna da Nasiru ba ma. Ƙirjin nan kuma, ki koma asibiti yau.

Kadijatu


Majidaɗi
6 ga Yuni

Adda,

Ina gaisuwa. Na koma. Likita ya raba mini ƙwayar biyu, ya ce in bugun bai lafa ba cikin mako guda, a daina gaba ɗaya. Na tambaye shi zancen ciki, ya ce bai taɓa yi mini alkawari ba. Gaskiya ne, ni na yi wa kaina.

Na gaji, Adda. Jiya na ga Malam ya bi ta bayan layi zuwa masallaci don kada ya haɗu da kowa. Mutumin da sai ya ga na ci yake sa hannu a kwano.

Ki ɗauki wasiƙata ta farko ki karanta wa Inna. Duka, kada ki tsallake layi ko ɗaya. In ina da kunyar da zan ji, gara in ji ta da kaina.

Allah ya bar zumunci.
Hamna


Lau
10 ga Yuni

Hamna,

Salam. Na karanta mata. Ta aika wa Baffa ya zauna, kada ya zo ɗaukar ki. Ita za ta zo ranar Asabar, tana so ta ga likitan da idonta.

Ta ce ba za ta iya duban fuskar Nasiru ba, don haka ke za ki isar masa kafin ta iso. Ga yadda ta faɗa: "A ce wa ɗana ya yafe mini."

Sai mun zo.
Kadijatu