Ƙarfe Ba Ya Gumi

Zuwa ga ƙanena Tsogt,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, aikin masana'anta a Koriya bai cinye maka ƙarfi ba. Duk sanda na kunna fitilar man shanu sai na ambaci sunanka, ina roƙa maka lafiya da dawowa gida. Mu nan Arhangai lafiya lau. Damina ta yi kyau, tumaki sun yi ƙiba, goɗiyoyi na ba da nono har mun rasa mazubi. Baba gwiwa na damunsa, amma bakinsa kam garau yake.

Zancen 'yarka Sondor ne ya zaunar da ni rubutu. Ka bar min ita tana 'yar mitsitsiya, don haka bari in gaya maka wadda ta zama. Ka tuna Baba ya fara ɗora ta a kan dawakinsa na sukuwa tun ba ta gama famfara ba, yana taƙama da ita a gaban abokansa masu horar da dawaki. To, ranar da ta ɗana tsohon babur ɗin da muke kora tumaki da shi, shi ke nan, doki ya rasa ta. Ƙafarta ba ta kaiwa ƙasa, sai ta nemi dutse ta jingina kafin ta sauka. Na yi faɗa, na ɓoye makulli a buhun gari, duk a banza. Ta girma tana kwance inji a ƙofar tanti, hannu baƙi ƙirin, tana hawan tudun da awaki ma sai sun yi shawara. Ni mai zagin nata, ni ce kuma mai laɓewa ina kallo, zuciyata fal alfahari.

Baba kuwa cin amana ya ɗauki abin. Ba ya kiran babur ɗin da suna, sai "gwangwanin nan mai tusa". Da wata ƙungiyar masu tseren babur a Ulanbator ta nemi Sondor ta koma wurinsu, har da zancen gasa a ƙasashen waje, cewa ya yi shi jikarsa mahayiya ce, wannan bakanikiyar bai san ta ba. Ita kuma taurin kansa ta ɗebo, ta rantse ba inda za ta sai Kaka ya sallame ta da bakinsa. Na ce, "Ke, tsohon nan sai ya sa kin yi furfura a gida!" Ta ce, "To Gwaggo, sai mu yi tare." Ƙungiyar kuma ta ce daga ƙarshen damina za ta ɗauki wani. Abin ya hana ni sukuni.

Makon jiya aka yi tsere a kwarin bayan gari, cikin laka da duwatsu, ita kaɗai mace. Sai ga Baba a kan akawal ɗinsa, wai ɓataccen maraƙi ya zo nema. Wajen ƙetare rafi ta faɗi, ruwa ya kusa rufe babur ɗin, na runtse ido. Ina buɗewa na gan ta tsaye a kansa, tana wuce maza a hawan tudu kamar sun tsaya gaisawa. Tsogt, ita ta fara shigowa! Na yi ihu har muryata ta dushe.

Ka san mutanenmu, dokin da ya ci sukuwa kowa sai ya ruga ya shafi guminsa ya goga a goshi don sa'a. Haka tsofaffin abokan Baba suka ruga, suka kai hannu inda kuturin doki zai kasance, wato kan salansar babur ɗin. Sai ihu! Tsoho Luvsan yana yarfe yatsu yana cewa, "Kai, dokin nan zazzaɓi yake yi!" Baba ya sauko a hankali ya ratsa su, yana cewa, "Kun tsufa a banza. Yaushe ƙarfe ya fara gumi?" Sondor ta cire hular kwano, gashinta sharkaf, ta kasa ɗaga ido. Ya daɗe yana kallonta. Sai ya miƙa hannu ya shafi goshinta, ya goga a nasa, ya ce wa abokansa, "Ga wadda ta yi gudun nan. A garkena aka haife ta, ni na hore ta." Ita kuma ya ce mata ƙasa-ƙasa, "Je ki birnin, su ma su ga ƙeyarki." Na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Jibi za ta tafi. Maigidana Batsuh yana gaishe ka, haka Inna Hand da su Davaa. Ka gaishe min da Purev abokin zamanka. Sondor ta ce in gaya maka ka kira ta kafin ta kama hanya. Baba bai ba da saƙo ba, yana waje yana goge mata babur da tsumman dawakinsa, a zatonsa ba mai ganinsa.

Yayarka mai kewarka,
Dolgor