Rigunan Arzika

Jibiya, watan Zulƙida, 1956

Zuwa ga Yaya Manu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikin Inna da sauran mutanenmu na Zariya? Ka gaya wa mai ɗakina ina nan lafiya lau.

Keken ɗinkin ya iso, ba abin da ya same shi. Na kafa shi a rumfar Arzika, bafataken nan da ya sauke ni. Ya riƙe ni kamar ƙaninsa, shi ne ma ke kawo mini masu ɗinki. Burina bai canza ba: baɗi war haka in yi rumfar kaina, in ɗauko iyalina.

Sai dai akwai wani ɗan abu, kada Inna ta ji. Arzika ya sa na yi wa mutanensa ɓoyayyun aljihuna a cikin riguna, ban tambayi abin da ake zubawa ba. Ɗayansu ya tafi Maraɗi, yau kwana tara ba labarinsa. Jiya ma'aikatan kwastan suka shigo kasuwa da rigarsa a yage, suna bin teloli suna gwada ɗinki. Hadari ya tashe su kafin su iso kaina, suka ce sai kasuwa mai zuwa.

Da safen nan Arzika ya ajiye mini wasu riguna shida. Na ce ina jin tsoro. Ya dafa kafaɗata yana murmushi, ya ce, "Kalilu, garin ga wa ka sani in ba ni ba?"

A sa ni a addu'a, Yaya. Rigunan suna gabana, ban taɓa su ba, ya ce zai dawo bayan la'asar.

Naka ƙani,
Kalilu