Takwararki tana tari irin naki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina roƙon Allah ya sa makwancinki ya fi ɗakinki na Gure sanyi. Kin san ban daɗe a lakwal ina karatun boko ba, ki yi haƙuri da rubutuna yadda kika yi haƙuri da ni.

Bayan rasuwarki matata Hadiza ta haifi mace. Sunanki na sa mata, shi ya sa bakina ba ya iya kiransa, Ummi muke ce mata. Bana ta fara tafiya. Inna, tana tari irin naki.

Ina tuna ki da bazara, in gabas ta yi ja kamar bango ya taso. Kafin kaji su watse kin miƙe kina cewa, "Ku kife ƙore, ku kama yara." Ki jiƙa zane ki rataya a ƙofa, ki tura mu ciki. Ke kuwa sai ki koma tsakar gida kwance akuya, ko hanci ba ki rufe ba. In iska ta wuce ki jiƙa kanwa ki ba kowa kurɓi, wai ta wanke ƙirji.

Duk haka muke yi wa Ummi, ba mu rage komai ba.

Har yanzu ina aikin kafe tudu, muna dasa shingen rassan kalimbo kada rairayi ya cinye gari. Wuni a can ya sa na lura ƙurar nan iri biyu ce. Akwai ja ta tudu, mai gurzar haƙori, a tofar a huta. Akwai kuma fara mai laushi kamar garin gero, daga busasshen kwari take tasowa, inda ake haƙar kanwa. Ita jiƙaƙƙen zane ba ya tare ta. Iska ta kwanta, ita tana nan rataye cikin ɗaki. A irin ranarta ne ƙirjin Ummi ke kuka kamar 'yar kyanwa, tsakanin haƙarƙarinta na lotsawa.

Wancan makon leɓenta ya dushe. Na naɗe ta a rawanina na ruga likita. Majo, mai duba marasa lafiya a wurin, ya sa mata abin shaƙa har numfashi ya dawo. Na tambaye shi me ke cikin farar ƙurar, ko kanwar da muke ba ta ƙara mata take yi. Ya ce mu dakata da kanwa tukuna, amma abin da ke cikin ƙurar shi ma bai sani ba. Yana dai ganin yara sun cika masa benci bayan kowace iska, kuma bai taɓa ganin wanda ya zo auna iskarmu ba.

Abin da ke tsorata ni ke nan. Ke ma haka muka yi ta cewa sanyi ne, har kika tafi ba wanda ya faɗa mana sunan ciwon. Da masu ilimi za su zo su ɗebi ƙurar su duba, su saurari ƙirjin yaranmu kafin iska da bayanta, da mun san abin da muke gudu. Na sa wasiƙar nan a waya na watsa ta, ko ɗayansu zai gani.

Amma ba zan iya jiransu ba. Ruwa bai sauka ba, iska kuwa ba ta gama ba. Ranar kasuwa zan sa Hadiza da Ummi a mota zuwa Damagaram, wurin ƙanwarki Iya Zara, har damina ta zauna. Ban sani ba ko iskar can ta fi tamu. Tagarsu dai tana da gilashi, babbar likita kuma tana kusa.

Kin so jikokinki su girma a ɗakinki, Inna. Ki yafe mini, zan fitar da ita. Hadiza tana ɗaure kaya, ni ina kallon gabas, kada ta yi ja kafin mota ta tashi.

Allah ya jiƙan ki, ya yalwata miki kabari. Allah ya bar mini yarinyar nan, ya dawo da ita tana numfashi.

Ɗanki,
Musa